Gurbin da Na Bari

Ni ne Kuttappan, mai fenti.
A zauren gidan gwamna akwai baƙin katako,
sunaye goma sha tara da ruwan zinariya,
bakwai na ƙarshe hannuna ne.

Ranar da Upendra Vartak ya yi rantsuwa
na rubuta sunansa da shekarar zuwansa,
na ja ɗan gajeren layi,
na bar gurbi, faɗin yatsu huɗu.
Ya tsaya a bayana da kofin shayi,
ya ce ta bakin tafinta:
"Sai bayan shekara biyar zan sake ganin ka."
Na ce to.
Baƙo ne daga arewa mai nisa,
bai ji harshenmu ba, bai san halin katakon ba.

'Yata Sarojam tana karatun lauya.
Wani dare damina na dukan ganyen kwakwa,
wuta ta ɗauke, ta karanta mini da fitila:
wa'adinsa shekara biyar, haka kundin ya ce,
amma bisa wannan layin akwai wani,
yana kan kujera muddin shugaban ƙasa na so.
Na ce, wanne ne babba a cikinsu?
Ta yi dariya: "Baba, na saman."
Ashe rigar aro ce,
mai ita bai faɗi ranar karɓa ba.

Ya dasa mangwaro a bayan ɗakin karatu,
kullum da asuba shi ke ba shi ruwa.
Ya kulle wata dokar majalisa a aljihun tebur,
wata takwas ba sa hannu.
Masunta suka zage shi, masu gonar roba suka yaba,
ni dai ina fentin shaguna.

A shekara ta uku aka yi zaɓe,
gwamnati ta sauya a Delhi.
Takarda ta iso ranar Talata,
layi uku, babu dalili ko ɗaya.
Ba mu muka zaɓe shi ba,
ba a tambaye mu ran tafiyarsa ba.

Na same shi tsakanin akwatuna,
direba na ɗaure littattafai da igiya.
Ya dubi goran fentina, ya dubi katakon,
wannan karon ba tafinta.
Ya ɗaga yatsu uku, ya yi murmushi,
na sunkuyar da kai na tsoma buroshi.
Lamba huɗu ce kawai,
amma hannuna ya yi rawa a ta ƙarshe,
har yau tana ɗan karkace.

Ran Juma'a sabuwa ta iso.
Na rubuta sunanta, na ja layina,
na auna yatsu huɗu.
Ta tambayi mai lambu wane ice ne wancan.
Ya ce mangwaro ne, ranki ya daɗe,
da sauran shekara biyu ya yi 'ya'ya.