Riguna Goma Sha Ɗaya

Yau kowa a Grimsby cewa yake da shi aka yi.
Mai jarida, direban bas,
har Cedric da ko tafi bai iya ba.
Da duk masu da'awar nan sun shiga a daren
da ginin ya yage kamar tsohon wando.
Ni ce mai ajiyar riguna. Na ƙirga.
Goma sha ɗaya.

Talata ce, ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Matakala sha huɗu zuwa ƙarƙashin shagon takalma,
bango na gumi tun kafin mutane su fara.
A waje Besfa uku sun jingina da juna,
kowace ta fi shagon aski madubai.
Samarinmu sun yini suna feɗe kifi a tashar jiragen ruwa,
sun dirje hannu da lemon tsami har ya yi ja,
sun sa kwat ɗinkin Italiya da ba su gama biya ba,
da laktaye siriri kamar wutsiyar ɓera.
Duk da haka in ka matso
teku na nan a bayan turaren.

Su kuwa a motar burodi suka iso,
su huɗu, da yunwa ta biyar.
Ba sai na faɗi sunansu ba,
yana jikin rigar jikanki.
A daren dai allon ƙofa
kuskuren harafi biyu ya yi musu,
ba wanda ya lura sai su.

Mista Threlfall ya ce fam shida,
in an fasa kofi a cire.

Waƙar farko ba a juyo ba.
Mu 'yan faifai ne, mun saba da muryoyin ƙetaren teku,
me yaran nan za su gaya mana?
Ta biyu Doreen ta ajiye sigarinta.
Ana tsakiyar ta uku mita ta cinye kuɗinta,
wuta ta ɗauke, jita ta mutu a hannun mai ita,
duhu ya rufe mu ruf.

Mai ganga bai tsaya ba.
Ko bai sani ba ne, ko taurin kai ne, oho.
Sai na ji takalma suna amsa masa,
ɗaya, biyu, sannan duka,
mawaƙin ya saki murya ba lasifika,
ɗanya, da kaushi, kamar ana jan sarƙar anga.

Na laluba jakata.
Sule guda, kuɗin bas ɗina.
Na bi bango da tafin hannu har na taɓa mitar,
na jefa.

Da haske ya dawo
ba wanda ke tsaye inda duhu ya same shi.

Mil uku na taka zuwa gida,
takalmina a hannu, kunnena na ƙara.

Zuwansu na huɗu layi ya kai gidan waya.
Na biyar babu shi.
Landan ta kira, kuma mai nema
ba ya jiran a kira sau biyu.
Mawaƙin ya manta mayafin wuyansa a ƙugiya ta tara,
na ajiye shekara uku,
daga baya uwata ta ɗaure famfo da shi lokacin sanyi.
An ce da yanzu ya sayi gida.

Wurin ya koma ma'ajiyar tayoyi.
Baƙi kan zo da kyamara su tsaya a ƙofar da ba ita ba.
Ba na gyara musu.
In sun fito a talabijin, furfura har gira,
suna godiya ga birane manya,
nakan ƙara murya kaɗan, in ce da kyanwata:
kin ga waɗancan?
Ina bin su sule.