Awon Ƙafa

Tasalla ta zo rumfata ranar Alhamis,
ranar da Kasuwar Dole ke cika har ta tumbatsa,
riƙe da takarda mai hatimin ƙungiya.
Na ce, baiwar Allah, leƙa aljihuna:
dala arba'in da ɓarin goro.
Baduku ne ni. Fata gare ni, ba jikka ba.

Ba ta ja zance ba, ta tafi.
Da mako ya zagayo sai ga ta da ƙullin tsumma,
ta kwance shi bisa tabarmata.
Zare ne guntu-guntu, talatin da ɗaya,
kowane da ƙulli a kai, da ƙulli a gindi.
Ta ce, daga diddige zuwa babban yatsa ke nan,
can gabas aka auno su,
inda tantuna suka tsiro a gonar da ba a shuka ba.

Shekara arba'in ina yankan takalmi,
ban taɓa yi wa ƙafar da ban gani ba.
Mai ƙafa kan zauna, ya raina, in rantse,
ya taya, in ce albarka.
Yau ga ƙafafu a gabana
babu mai taya mini.

Na ɗauki guda, bai kai tsawon ɗan yatsana ba.
Na ce, wannan ai bai fara tafiya ba.
Ta ce, Yagana ce.
Kwana tara ta yi a hanya, a bayan yayarta,
yanzu take son gwada ƙasa.

Ban sake magana ba.
Na aiki Harisu majema, ya karɓo bashin jar fata.
Na ce ya zaɓo mai laushi, ta wajen ciki,
wadda nake ɓoye wa masu kuɗin Birni.

Dare goma sha biyu, fitila tana cin batir,
basilla tana cin yatsa.
Mai ɗakina ta ce, tuwo ya huce.
Na ce, bari in gama na wannan mai faɗin ƙafar.
Ta ce, a ina ka ga faɗinta? Zare ne fa.
Gaskiyarta.
Amma na san shi, yana taka gefe kamar Harisu,
na ƙara masa fata a dama.

Ranar da Tasalla ta zo ɗauka
ta ƙirga talatin, ta tura ɗaya gefe.
Ba na Yagana ba ne. Na duba sau biyu,
kuma na ji kunyar sanyin da ya sauka a ƙirjina,
don wancan ma wani ya raɗa masa suna.
Ban tambayi sunan ba.
Ita ma ba ta faɗa ba.

Na ce ta tafi da shi duk da haka.
Ta ce, ajiye, Malam. Motoci ba su daina zuwa ba,
ƙafarsa za ta zo a jikin wani.

Yana nan rataye a ƙusa, saman kaina.
Masu ciniki kan ce, nawa wancan ƙaramin?
In ce, an biya.
Zarensa kuwa yana aljihuna tare da goro,
in na laluba neman canji
shi nake fara taɓawa.