Ja na Guba, Kore na Sha

Ni ce Aklima, daga wani ƙauye bayan Jessore,
inda shinkafa ke kwana tsaye cikin ruwa.
Ni aka miƙa wa gwangwani biyu da buroshi ɗaya:
ja na guba, kore na sha.

Harumi ta zo daga Japan da akwatin gwaji,
takalmi a hannu, laka har ƙwauri.
Ta tari ruwa a 'yar kwalba, ta saka takarda,
muka yi jugum kamar masu jiran bakin alƙali.
Ruwa garau, sanyi kamar na randa,
amma takarda ta rine.
Ashe mugu ba shi da kama:
ba wari, ba launi, ba ɗaci a harshe.

Famfo na goma sha bakwai na babana ne.
Saniya ya sayar ya kafa shi
shekarar da amai da gudawa suka ɗauke mana Tuhin.
Lokacin ma baƙi ne suka ce,
ku bar tafki, ku nemi na ƙarƙashin ƙasa.
Mun tsere wa mutuwar kwana uku,
mun faɗa hannun mai tafiyar hawainiya.
Na dubi tafin hannunsa, ɗigo-ɗigon baƙi,
kaushi kamar bayan kada.
Na tsoma buroshi a ja.
Bai sake yi mini magana ba har aka yi girbi.

Cikin famfo arba'in da ɗaya, shida suka sami kore.
Ɗaya a gidan Nitai maginin tukwane,
wanda shari'ar iyakar gona ta raba mu tun ina goye.
Wa zai ɗauki tulu ya ratsa tsakar gidansa?
Ƙishirwa dai ba ta san gaba ba.
Shi da kansa ya zare kara uku daga danga,
ya ce, ga hanya, amma ku kula da kajina.

Injin tacewa ya iso a kwalekwale
da rubutun da ba mai iya karantawa.
Wata biyar ya yi yana huci.
Sai wata 'yar roba ta tsinke,
wai sai an aika ƙasar da aka ƙera shi.
Harumi ta zauna bakin dakali, shayinta ya huce a hannu.
Nitai bai ce uffan ba.
Ya ɗora tulu kan tulu kan tulu:
yashi, garin ƙarfe daga maƙera, gawayi,
ruwa na ɗiga ɗis, ɗis, ba gaggawa.
Ta gwada. Ta sake gwadawa.
Sai ta buɗe littafinta ta durƙusa gaban tsoho.
Ranar ita ce ɗaliba.

Muka kafa kwamiti a gindin mangwaro,
mata tara, maza huɗu, gardama ba adadi.
Kowace mace, kafin ta ɗora tukunya,
ta ware tafi ɗaya na shinkafa.
Ran kasuwa mu sayar, mu sayi takardar gwaji.
Sau shida muna zuwa ofishin gunduma,
har jami'in lafiya ya gaji da ganin laimarmu,
ya sa hannu a haƙa mai zurfi.
Su suka kawo bututu, mu muka kawo kafaɗa.

Kada in yi muku ƙarya, da sauran aiki.
Parul na ɗiba a ja idan dare ya yi,
kore ya yi mata nisa, ga ciwon baya.
Damina na wanke fenti, ni ina sakewa.
Harumi ta koma gida, wasiƙarta kan zo
da tambaya ɗaya tak: me takarda ta nuna?

Jiya da asuba na hangi babana
ya bi ta giɓin dangar Nitai, tulu a kafaɗa.
Ba su gaisa ba.
Amma ɗaya na buga famfo,
ɗaya na tarar ruwa.