Bulo Dubu Huɗu

Alƙali ya ƙara musu kwana ashirin da ɗaya.
Ni ba a tambaye ni ba.

Lauyan Bawa ya ce takardar fili ta ɓata,
lauyar Asabe ta ce rasit na hannun yayanta a Illela.
Magatakarda ya buga hatimi,
ya ce a dawo bayan Sallah.

Gidan da suke ja a Mabera
ni na buga bulonsa, dubu huɗu da ɗari biyu,
da yashin Rima, da ruwan da na saya jarka-jarka.
Ran da sunka tare, na ci shinkafar walima.
Ran da sunka rabu, ba wanda ya tuna da ni.

Ita ta ce ɗakunan nata ne, zinarenta ta sayar.
Shi ya ce ƙasar tasa ce.
To bangon fa?

Sunana na shafi na bakwai, can ƙasa:
Sahabi Mai-bulo, mai bin bashi.

Na fito, rana ta take tsaka.
Mai siminti na jirana bakin ƙofar kotu
bisa babur, bai ko kashe injin ba.
Shi bai san ƙarin wa'adi ba.