Ido Mai Yafiya

A shagon Dauda Gyang, bayan Taminus,
cikin kwalin da ɓera ya ci kusurwarsa,
na tsinci wani tsohon idon kyamara,
fentinsa ya goge, tagulla tana leƙowa.
Dauda ya ce, "Wannan ba ya faɗin gaskiya duka,
shi ya sa ya yi kwantai."
Na biya, na jefa shi aljihun rigar sanyi.

Shekara bakwai ina hoton fasfo:
fito da kunnuwa, kada ka yi dariya,
kowane ƙurji da lissafinsa.
Idona ya saba da kaifi kamar reza.

Na fara gwaji da abin da ba ya ƙorafi,
tumatirin Farin Gada a faranti.
Sai jan ya tsiyaya, ya ƙetare iyakarsa
kamar man ja a ruwan zafi.
Na buɗe ƙofar haske har ƙarshe,
fitilar titi ta naɗa rawani.
Na tsuke ta, duniya ta dawo hayyacinta,
na sake buɗewa, ta lumshe ido.
Tsakanin lamba huɗu da takwas
akwai wani ɗan wuri, siriri kamar zare,
inda ƙwayar ido ke tsaye daram
amma kunci yana tururi.

Ran Asabar na gangara Gangare
wurin Kawu Tanimu,
wanda ya ba ramin kuza ƙuruciyarsa,
ramin ya biya shi da tabo
daga gira har gindin kunne.
Ruwan Agusta ya ɗauke, kwano yana ɗiga.
Na zaunar da shi bakin taga,
hasken la'asar ya shigo ba sallama
kamar wanda ya san ɗakin.
Ƙyas. Ƙyas. Sau tara.

Da na wanko, har na yi wa kaina kirari.
Tamoji ya narke,
furfura ta zama auduga a rana,
tabon ya koma inuwar da ba ta da mai ita.

Ya kai hoton har bakin hancinsa,
ya daɗe, shayinsa ya huce.
Ya ce, "Wa ka ɗauko mini?
Ina abina?
Ran da ramin ya rufta mu huɗu ne ciki.
Bitrus, Ɗanbaba, da yaron nan na Mangu
da har yau ban san sunansa ba.
Ni na fito, da wannan a fuska.
In ka share shi, a ina za su zauna?"

Na rasa bakin magana.
Na ɗaura tsohon idona mai kaifi,
na mayar masa da kayansa cif,
ko gashi ɗaya ban rage ba.

Ina naɗe jaka ya riƙo hannuna.
"Wancan na farko, kada ka yaga.
Tun da yana ta sauka a idona
haka nake ganinku duka.
Fuskarka ba ta da gefe, Hamisu.
Ban san ka ajiye gemu ba
sai da na shafa."

Sai na mayar da tsohon gilashin,
na ɗora masa kyamara a tafi,
na kai yatsansa kan maɓalli,
na zauna a kujerarsa, da sauran ɗuminsa.

Hoton ya karkace.
Rabin kaina ya fita,
taga ta cinye kafaɗata da fari,
ba a gane ko dariya nake ko me.
Yana manne a shago, sama da madubi.
Masu fasfo sukan ce, "Wannan ai ya lalace."
Nakan ce, fito da kunnuwa,
dubi nan.