Faranti Mai Ɗaki Huɗu

Na ƙetare gadar Ngeli da hantsi,
Kusiri a bayana, Injamena a gaba,
jakar sifana a kafaɗa, naira a ƙugu.
Injin niƙan Alhaji Jimet na zo gyarawa,
aikin kwana uku, in ji shi a waya.

Mai canji ya karɓi damin kuɗina,
ya lashi yatsa, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa,
ya miƙo mini 'yan takardun sefa
da ba su kai kaurin ɓawon albasa ba.
Na ce, ina sauran? Ya yi dariya.

Kwana uku suka zama tara.
Ƙarfen da muke jira yana Duwala,
Alhaji ya tafi Abeshe gaisuwar mutuwa.
Ni da aljihuna muka koma gaisawa da kunya.

Naman raƙumi na ƙamshi a bakin titi,
kifin Shari na tsuwa cikin mai.
Na taya da ɗan Larabcin da na tsinta,
na ji kuɗi, na haɗiye yawu,
na yi kamar dama wucewa nake, na kama hanya.

Adum, yaron da ke miƙo mini sifana,
shi ya ja ni bayan wani shagon batir da fanka:
lungu, benci biyu, rumfar kwano,
da dattijo mai shuɗin rawani, gemu a naɗe,
yana juya ludayi cikin tukunya.

Sunansa Baljit.
Ba ya jin Hausa, ba na jin Faransanci.
Ya ɗaga yatsa ɗaya, Adum ya ce dala ɗari,
wato sefa ɗari biyar.
Na ce a sake faɗa, ko kunnena ke ƙarya.

Sai ga farantin ƙarfe mai ɗaki huɗu
kamar gidan haya a Sabon Gari.
Ɗaki ɗaya shinkafa ce doguwa, kowace ƙwaya da kanta,
ɗaya dankali ya sha kurkur,
ɗaya ɗanyen mangwaro da ya kwana cikin gishiri da barkono,
na huɗun wani ɗan wake rawaya
da ya dahu har ya manta shi wake ne, ya koma miya.

Dal, ya ce, yana nuna ta.
Capati, ya ce, ya jefo gurasa mai zafi marar kauri.
Na laluba nama ban samu ba,
na ce to, an huta da tambayar wa ya yanka,
na yi bisimilla, na tsoma a tsakiya.

Citta na gane, tafarnuwa na gane,
har hulbar da Inna ke dafa mana don ciwon ciki
ga ta nan ta yi wanka ta shiga mutane.
Mangwaron kuwa ya mare ni har hawaye,
Adum ya riƙe ciki, wai haka ya yi wa wani direba jiya.

Kafin in suɗe, an ƙaro ludayi.
Na dafe aljihu, na ce ban da hali.
Ya kaɗa kai irin nasu,
wanda ba i ba ne, ba a'a ba,
ya ƙaro gurasa, ya juya mini baya.

Rana ta huɗu fankarsa ta tsaya.
Na kwance ta a kan benci, na ɗaure waya, ta tashi.
Iskar ta motsa wani hoto a bango:
yarinya da kitso biyu cikin gonar alkama.
Ya nuna tsawonta da hannu, iya ƙugu,
sai ya yi shiru, ya ɗaga hannun zuwa kafaɗa.
Ni ma na ciro ta Hajjo daga walat.
Ranar bai karɓi ko dala ba,
muka sha shayi mai madara da kanumfari, ba magana,
baƙi biyu a garin da ba namu ba, ba mai yi wa wani jagorar hanya.

Ƙarfe ya iso, inji ya yi kuka, Alhaji ya biya.
Baljit ya ƙulle mini garin yaji a takardar batir.
A Gumel, Lantana ta dafa da waken gida,
ta ɗanɗana, ta ce akwai abin da ya rage.
Na ce yunwar kwana tara ce,
ba a sayar da ita a kasuwa,
zuba mini haka nan, ki ƙaro miya.