Filin da Ba Shi da Mai Shi

A ma'aikatar magajin garin Tawa, ɗaki na uku daga ƙofa,
fanka na juyi kamar mai gyangyaɗi,
ni kuwa ina gaban ordinatar
ina ɗura mata gari kamar mai ɗura wa yaro kunu:
ruwan sama na shekara talatin,
zurfin rijiyoyi, gangaren ƙasa,
inda kwata ke bi, inda leda ke taruwa,
da abin da baƙo ke kashewa in ya kwana biyu.

Tambayar guda ce:
ina za a gina masauki
don masu zuwa kallon tsuntsayen tafki?

Ta yi shiru, ta yi lissafi.
Ta shafa ja a kan kwari, ta ce ruwa zai ci.
Ta shafa ruwan ɗorawa a bayan kasuwa, ta ce da dama-dama.
Sannan ta zuba kore shar a gabas da tafki,
fili fetal, ba gida, ba gona, ba mai shi,
maki tamanin da bakwai cikin ɗari.

Na buga takarda, na hau babur,
na tafi in ga koren da idona.

Ban tarar da kore ba.
Na tarar da ƙasa taƙaƙƙiya, sawu a kan sawu,
da kashin shanu da ya bushe,
da wata tsohuwa, Kuluwa, tana tsinta a kwando.

Ta ce, mi kika zo diba, ɗiyata?
Na nuna mata takarda. Ta riƙe ta a juye,
ta ce, wanga wuri ne ba shi da mai shi?
Zauna, jira la'asar.

Na jira.
Da rana ta karkata sai ga su,
garken Altine a gaba, na 'ya'yan Ɓoyi a baya,
jakuna da jarkoki, awaki da ba mai ƙirga su,
duk ta tsakiyar otal ɗin da ba a gina ba,
ta ɗakin cin abinci, ta inda na zana lambu.
Wani bijimi ya tsaya daidai wurin karɓar baƙi
ya yi abin da ya kawo shi.

Kwana huɗu ina bin burtalin da ƙafa,
salula a hannu, tana ɗiga alama duk taku goma.
Altine na faɗa mini inda ruwa ya kai
shekarar da ya ci rumbun ubansa,
ya nuna tabo a jikin gawo, sama da kaina.
Ba ya cikin shekaru talatin ɗin.

Na koma na faɗa wa na'ura.
Ba ta yi musu ba, ba ta ji kunya ba,
wannan halin nata ina sonsa.
Koren ya dushe, ya tashi, ya koma tudu,
kusa da tsohuwar bola,
maki sittin da ɗaya, in an kwashe shara,
in an dasa bedi, in an ja ruwa.

Ranar zaman majalisa Alhaji Nomau ya miƙe,
shi da ya kawo kuɗin daga Abijan,
ya ce wane baƙo zai biya don ya hangi tafki daga nesa?
Wani kansila ya ce, in shanu sun daina zuwa,
balbela za ta bi su, me baƙon zai kalla?
Aka yi ta ja har aka kira azahar.
An ɗage zama sai bayan damina.

Yanzu hadari na haɗuwa ta gabas.
Na kashe fanka, na rufe taga.
A allo tudun yana nan da korensa mai shakka,
ni kuma ina tunanin wa ke bi ta wurin bolar nan
da asuba, ko da tsakar dare,
wanda ban zauna na jira ba tukuna.